Gidan Haya, In Ji Takarda

Takardar ta iso gida ranar Talata, ranar da babu mai sauraron kowa a Mafara saboda kasuwa. Wani yaro ya miƙa ta a zaure, ƙanenmu mai cajin waya ya karɓa ya tura ƙarƙashin akwatin kuɗinsa, bai tuna da ita ba sai bayan isha'i. Ya ɗauki hotonta ya jefa a zauren WhatsApp na 'yan gida, ya rubuta a ƙasa: "Ga saƙo." Mu da ke Kano muka buɗe, muka ƙara girman hoton da yatsu biyu. Harajin gida ne. Akwai lambar gida, wadda ba mu taɓa sanin gidanmu yana da ita ba. Akwai sunan mahaifinmu, wanda ya shekara shida a kabari, an rubuta shi da kuskuren harafi ɗaya. Akwai adadin ɗakuna, 11, sannan kuɗi. Kuɗin ba su tayar mana da hankali ba. In za a faɗi gaskiya, abin da muke ƙonawa a data cikin wata biyu ya fi su. Har mun fara rubuta "a bari za mu turo", sai idonmu ya sauka kan layin da ke sama da kuɗin, inda aka faɗi irin gidan. Turancin da aka sa a wurin, ma'anarsa gidan haya.

Inna ba ta karanta boko, amma ba a ɓoye mata takarda. Da aka fassara mata, an ce ta daɗe ba ta ce uffan ba. Can ta sa aka kira mu.

"Wa yac ce muna amsar kuɗɗin haya hannun ɗan'uwana?"

Muka ce ba mutum ne ya faɗa ba, Inna, kwamfuta ce.

"To ita kwamhutar, wa yag gaya mata?"

Wannan tambayar ita ce sana'armu. Shekara goma muna rubuta manhajoji, kuma rabin aikin ke nan: gano wanda ya gaya wa kwamfuta abin da take maimaitawa ba kunya ba tsoro. Amma kafin mu kai nan, sai mun faɗi su wa ke cikin ɗakunan.

Baba ya gina ɗaki huɗu da zaure a farkon shekarun 1980, ya riƙa ƙarawa duk sa'ad da shinkafa ta yi kuɗi ko gida ya ƙaru, har suka kai tara. Muka girma, aure ya ɗebe mata, neman abinci ya ɗebe maza. Lokacin da ya rasu, ɗaki biyar a kulle suke, babu kowa ciki sai gizo-gizo da tsofaffin littattafanmu na sakandare. Cikin Satumban 2021 aka kashe layukan waya a duk faɗin Zamfara don a matsa wa 'yan bindiga, aka rufe kasuwannin mako, aka hana sayar da fetur a jarka. Mu da ke cin abinci da intanet muka koma ba mu da hanyar jin ko Inna ta tashi lafiya, sai in wani ya shiga mota ya je birnin Sakkwato ya buga waya. Ta bakin irin wannan matafiyin muka ji cewa Kawu ya iso Mafara da matansa biyu da yara daga ƙauyensu na ƙasar Maradun, rabin hanyar da ƙafa, kuma Inna ta sa an fasa kwaɗon ɗaki uku don an rasa makullai. Ba ta yi shawara da kowa ba. Ko ta so, babu layin da za ta yi da shi.

Shekarar da ta biyo baya Gwaggo ta zo daga wajen Damri, a ƙasar Bakura, da jikoki huɗu da aka bar mata. Bayanta sai maƙwabcin Kawu da iyalinsa. Babu jini ko ɗigo tsakaninmu da shi, amma Kawu ya ce shi ya goyo ƙaramar 'yarsa a daren da suka fito, daga nan maganar ta ƙare. Aka rushe tsohon rumbu, aka ta da ɗaki biyu na kwano a gurbinsa. Tara da biyu, 11 ke nan. Mutum 27, murhu huɗu.

A tashar mota mutanenmu kan yi alfahari cewa ƙananan hukumomin nan uku maƙwabtan juna kowace ta ba Zamfara gwamna: Yarima daga Bakura a 1999, Yari daga Mafara a 2011, Matawalle daga Maradun a 2019. A gidanmu ma ukun sun haɗu, sai dai ta wata ƙofar, kowace da tukunyarta a tsakar gida.

Ƙanenmu ya tuna da yaron da ya zo ƙidaya, watanni kafin takardar. Matashi ne, da katin shaida rataye a wuya, rana ta gasa shi, ya sha ruwa kofi biyu a tsaye. Ya tambayi ɗaki nawa, aka gaya masa. Ya tambayi tukunya nawa ake ɗorawa, aka ce huɗu. Ya tambaya ko duk 'ya'yan mai gidan ne, aka ce a'a. Ya ɗauki hoton ƙofa da wayarsa, ya yi godiya, ya wuce gida na gaba. Bai yi ƙarya ko ɗaya ba, kuma ba a yi masa ba.

Ba mu ga manhajar da ke cikin wayar tasa ba, amma mun san irinta kamar yunwar cikinmu, domin mun rubuta 'yan'uwanta. Akwai gurbi guda na irin gida. In ka taɓa shi, zaɓi ya sauko: mai shi ke ciki, ko haya, ko kasuwanci. Gurbin ba ya yarda a tsallake shi. In ba ka zaɓa ba fam ɗin ba zai tafi ba, in bai tafi ba ba a lissafa maka gidan cikin aikin ranar. Yaro ya ji murhu huɗu, ya ji ba 'ya'yan mai gida ba ne, me zai danna? Wani ne ya zauna a ofis mai sanyi, wataƙila a Abuja, wataƙila a Legas, wataƙila ma a kujera irin tamu, ya yanke cewa gidajen duniya iri uku ne. Mun taɓa zama a taron da aka yi irin wannan yankan, a wani aikin da bai shafi haraji ba. Wata abokiyar aikinmu ta ce a ƙara zaɓin "wani abu dabam", da wurin rubuta bayani. Aka ce a'a: zai ɓata rahoto, malalatan ma'aikata za su riƙa fakewa da shi, kuma babu mai lokacin karanta bayanai dubu ɗaya bayan ɗaya. Hujja ce mai ƙarfi, har yau ba mu ce ba ta da ƙarfi ba. Mu ma mun ɗaga hannu mun goyi baya, aka tashi aka tafi cin abinci.

Saboda haka amsar da ta zo mana a kan tambayar Inna ba mai daɗin faɗa ba ce a waya. Muka ce mata muna nan tafe ranar Asabar.

Ba mu cikin masu cewa kada a biya haraji. Jihar da mafi yawan abin da take kashewa daga kason Abuja yake zuwa, dole wata rana ta waiwayi gidajen da ke gabanta, kuma gida ba ya gudu, ba kamar shanu ba da ake tsallakar da su rafi in an ji labarin masu jangali. Kundin tsarin mulki na 1999 ya lissafa ƙiyasta gidajen mutane don sanya musu kuɗi cikin ayyukan ƙananan hukumomi, bisa abin da majalisar jiha ta tsara. Kuɗin ƙasa da mai takardar mallaka ke biya kuma na jiha ne, ƙarƙashin Dokar Amfani da Ƙasa ta 1978 da ta danƙa ƙasa amana a hannun gwamna. Sai dai a ƙasar Hausa kalmar haraji ba ta zuwa ita kaɗai. Tana jawo dagaci da dogari, da magidancin da aka shanya a rana, da wanda ya shiga uwa duniya ya bar iyali don ya rasa 'yan sulalla. Shi ya sa da Abubakar Rimi a Kano da Balarabe Musa a Kaduna suka soke haraji da jangali a 1979, talakawa suka ji kamar an cire musu ƙaya a tafin ƙafa. Ko a Legas, inda aka saba da takarda, da aka ɗaga harajin gidaje a 2018 sai da ƙorafin jama'a ya sa gwamnati ta sassauta.

A gidanmu kuwa akwai abin da ya fi waɗannan kusa, yana cikin adakar Baba.

Kakanmu manomi ne a bakin Gulbin Sakkwato, ƙasar Maradun. Gwamnatin tarayya ta kawo aikin madatsar Bakolori, kamfanin Impresit na Italiya ya gina, aka kammala a 1978. Ruwa ya taru ya haɗiye garuruwa da fadamu, aka kwashe dubban mutane aka tsugunar da su kan tudu. A ƙasan madatsar kuma, wajen Mafara da Bakura, aka riƙe gonaki ana baje su don noman rani, manoma suka yi damuna bayan damuna ba su shuka ba. Kafin ruwa ya zo, masu ƙidaya sun zo, su ma da fam ɗinsu. Takardar da suka bar wa Kaka tana nan, ta yi ja, ninkinta ya kusa rabewa. An lissafa ɗakuna, an lissafa rumbuna, an lissafa mangwaro da ɗorawa. Fadamar da gulbi ke hawa ya sauka duk shekara ya bar mata laka, mai ba shi shinkafa da damina ta ba shi albasa da dankali da rani, a takardar nan gona ce kawai, kamar kowace gonar jigawa.

Baba ya ce Kaka ya ga kuskure tun a ranar. Itatuwan ma ba su cika ba: mangwaro bakwai aka rubuta, sha biyu ne. Ya yi magana, malamin ya ce ya sa hannu tukuna, za a gyara a ofis. Ya dangwala. Manoman da suka kasa haƙura suka tare hanyoyin aikin suna neman diyyarsu, har ƙarshen Afrilun 1980, da aka turo 'yan sandan kwantar da tarzoma Birnin Tudu da ƙauyukan kewaye. Gwamnati ta ce waɗanda suka mutu ba su kai talatin ba. Mutanen wurin, da masu binciken da suka zo daga baya, sun ce ɗaruruwa ne. Kaka bai je ba, yana kwance ba lafiya a lokacin, kuma har ya koma ga Allah yana ambaton mangwaro biyar ɗin nan, abin da jikoki suka mayar abin tsokana. Da ɗan abin da aka samu Baba ya sayi filin da gidanmu ke kai. Wato gidan da aka ƙiyasta bana, shi kansa ɗan wani ƙiyasin ne. Baba ya tashe mu da ƙin abu biyu kamar yadda wasu gidajen ke ƙin cin wani nama: dangwala wa takardar da ba a karanta ba, da yarda da "za a gyara daga baya".

Ranar Litinin muka tafi ofishin da ya aiko takardar, mu da Yaya, babban wanmu. A ƙasanta an rubuta da ƙananan haruffa cewa mai ƙorafi ya rubuto kafin wa'adi ya cika, kuma saura kwana takwas. Tun a baranda wani mutum ya tare mu. Ba ma'aikaci ba ne, irin mutanen nan ne masu rayuwa a inuwar ofisoshi, sun san kowace ƙofa da mai makullinta. Ya duba takardar ya yi murmushi. Ya ce wannan ai ba ta kai a sha rana ba, a kawo rabi da ɗan na goro, zai sa a soke adadin da biro, a rubuta sabo, a buga hatimi. Yaya ya dube mu. A lissafin ɗan kasuwa tayin ba shi da aibu. Rabin kuɗin bai kai abin da muka kashe a mota daga Kano ba.

Nan karatunmu ya yi rana. Adadin da ke jikin takarda ba ajiyayye ba ne, haifarsa ake yi: kwamfuta ta dubi irin gida, ta dubi yawan ɗakuna, ta ninka, ta buga. In ka soke shi da biro, takarda ɗaya ka gyara, rumbun bayanai bai ji ba bai gani ba. Baɗi zai sake haifo kuɗin gidan haya, ya ɗora ragowar na bana a kai a matsayin bashi, tunda a wurinsa rabi aka biya. Shekara biyar nan gaba, mutumin baranda ya sauya baranda, mai hatimin ya yi ritaya, in muka zo neman takardar mallaka ko za a raba gado, abin da za a buɗe a gani shi ne gidan haya mai ɗaki 11 da bashi a wuyansa. Kuma bayanai ba sa zama inda aka haife su. Ana kwafarsu, ana haɗa su da wasu, ana miƙa su ga hukumar da ba a ma kafa ba tukuna, kowane kwafi yana ƙara wa kuskuren kama da gaskiya. A tsaye muka yi wa Yaya wannan bayanin, mutumin yana jira.

Yaya ya ce, "Wato awa mangwaron Kaka."

Muka ce haka ne. Ya ba mutumin haƙuri, muka shiga.

Jami'ar da muka samu dattijuwa ce, da tabarau a karan hanci, kuma ta saurare mu har ƙarshe, abin da ba mu zo da tsammaninsa ba. Ta ce ba mu ne na farko ba. A unguwannin bakin gari gidaje da yawa sun cika da mutanen ƙauye, kuma ta san ba duka ke biyan haya ba, ko da yake wasu na biya, har ana tsawwala musu, shi ya sa ba za ta ɗauki maganar kowa da baki ba. Ta ce ita ba ta da ikon taɓa gurbin, a sama ake buɗe shi, kuma sai da wasiƙar ƙorafi daga mai gida, da shaidar mai unguwa a kan mazauna gidan da matsayin kowa, da hoton kowane sashe. Sannan ta ɗora yatsa kan sunan Baba.

"Wanga bawan Allah, shi za shi sa hannu?"

Muka ce ya rasu. Ta yi masa addu'a, ta ce to mamaci ba ya ƙorafi, a kawo sunan mai gida mai rai.

Shekara shida ba mu raba gidan ba. Ba don ba mu san hukunci ba: kowa ya san Inna tana da tumuni, namiji yana da rabon mata biyu, alƙali zai gama lissafin kafin shayinsa ya huce. Mun bar shi ne saboda gida ɗaya ba ya rabuwa tsakanin mutum takwas sai an sayar, kuma babu mai son ya zama wanda ya fara furta sayarwa alhali Inna na zaune ciki. Sunan Baba a kan takardu ya zame mana rumfa, kowa ya fake. Yanzu ga fam yana son suna ɗaya.

Yaya ya ce a sa nasa. Shi ne babba, shi ke zaune a garin, shi ake kira in bango ya faɗi ko rijiya ta ƙafe. Gaskiyarsa. Yayarmu da ke aure a Gusau ta turo saƙon murya na minti shida, wanda taƙaitawarsa ita ce ta ga gidaje da yawa da aka sa sunan babban wa "don sauƙin takarda", kuma ta ga yadda 'ya'yansa suka karanta takardar bayan ransa. Ita ma gaskiyarta. Kwana biyu zauren 'yan gida ya mutu, kowa na shiga ya duba, babu mai rubutu. Wa'adi kuma na ta ƙaratowa. Wani lauya abokin karatunmu ne ya fitar da mu: a rubuta magadan marigayi, Yaya ya tsaya a matsayin wakili, kowa ya sa hannu a takardar wakilcin, a faɗi ƙarara cewa wakilci ne ba mallaka ba. Yaya ya sa hannu, amma ranar bai ci tuwon gida ba. Mun san wannan maganar kwantar da ita muka yi, ba mu kashe ta ba.

Saura shaidar mai unguwa. Ya zo da kansa bayan la'asar, aka shimfiɗa tabarma a zaure, aka ture wayoyin caji gefe. Aka kira Kawu da maƙwabcinsa. Inna da Gwaggo suka zauna daga ciki, bayan ƙyaure. Mu ke riƙe da biro.

Da aka karanta wa Kawu abin da ake ciki, dariya ya yi, irin wadda ba mu ji daga bakinsa ba tun zuwansa. Ya ce kafin su taso, garinsu ya biya haraji sau huɗu cikin shekara biyu, kafin shuka da kafin girbi. Su ma mutanen daji suna ƙiyasi: su aiko wa mai gari da adadi da wa'adi, shi kuma ya zauna da dattawa su raba wa gidaje gwargwadon ƙarfin kowa. Na huɗun ne suka kasa haɗawa.

"Amma ban taɓa jin wanda yar rubuta musu wasiƙa yac ce an yi kuskure ba." Ya juya takardar a hannunsa, gaba da baya. "Wagga ana yi mata gardama? To ku yi mata."

Sai muka zo kan layin matsayi. Yaya ya ce a rubuta baƙi, masu zaman wucin gadi. Ba mugunta ba ce. Mutumin da aka gama tuna masa yadda 'ya'ya ke karanta takarda bayan ran iyaye, dole ya yi tunanin yadda wasu 'ya'yan za su karanta wannan. Kafin mu ɗora biro muryar Inna ta fito daga bayan ƙyaure.

"Baƙo shi ka shekara huɗu? Rubuta iyali."

Mun zaci Kawu zai ji daɗi. Sai ya gyara zama, ya fuskanci ƙyauren.

"A'a, Hajiya. Kak ku rubuta ni ɗan gida. Ina da gida. Ɗaki shidda, da rijiya tsakar gida, da tsamiya bakin ƙohwa. In anka rubuta ni nan, can wa za a rubuta?"

Babu wanda ya amsa. Mu da biro a hannu mun san tsoronsa ba na jahilci ba ne. A mafi yawan rumbunan bayanan da muka gina, mutum ɗaya adireshi ɗaya gare shi. In ka shigar da sabo, tsohon ya goge. Shekara huɗu yana sauraren rediyo, yana tare duk wanda ya fito daga yankinsu yana tambayar ko rufin ɗakunan na nan, yana ƙin sayen katifa don kada kaya su yi yawa ranar komawa. Mu kuma muna shirin kawar da duk wannan da kalma ɗaya, don a rage mana kuɗin da bai kai na data ba.

Gwaggo kuwa cewa ta yi ita a rubuta ta. "Gidan ɗan'uwana na. Ba ni komawa, ba abin da nib bari can sai kushewa." Maƙwabcin Kawu, wanda bai buɗe baki ba tun da aka zauna, ya ce yana da tambaya: yana ƙwadago a gonakin noman rani na Bakolori, kuma duk girbi yakan kawo wa Hajiya 'yan tiyoyin shinkafa, shin wannan haya ce, a rubuta? Mai unguwa ya ce wannan ba haya ba ce, kunya ce. Ba mu rubuta ba. Har yanzu mukan yi tunanin abin da mai binciken kuɗi zai ce a kai.

Kalma ɗaya ta ƙi ɗaukar mutum 27, sai muka bi su gida-gida. Muka rubuta Gwaggo 'yar'uwar marigayi, mazauniya, da jikokinta. Muka rubuta Kawu ɗan'uwan matar marigayi, mai gida a gari kaza, ƙasar Maradun, ɗaki shida da rijiya da tsamiya, wanda rashin tsaro ya taso, yana zaune nan ba da haya ba har Allah ya kawo lafiya. Ya sa muka karanta masa sau biyu, ya ce a ƙara gonarsa ta gabas da gari. Muka ƙara. Maƙwabcinsa ma haka. A ƙarshe muka rubuta da hannunmu cewa rabin zauren shago ne, ana cajin waya ana cirar kuɗi da POS, a sa masa abin da ya dace. Ƙanenmu ya kwana biyu ba ya gaishe mu da kyau. Shaidar ta cika shafi biyu, mai unguwa ya buga hatiminsa a kowane shafi, Inna ta sa aka karanta mata daga farko har ƙarshe kafin ta dangwala. Muka kai ana saura kwana ɗaya.

Jami'ar ta karanta shafukan biyu a gabanmu, ba ta tsallake layi ba. Da ta kai kan tsamiya ta cire tabarau ta goge, ta mayar. Ta ce za ta maƙala su a fayil, amma mu sani a kwamfuta babu inda za su shiga, can kalma ɗaya ce za ta sauya, in ta sauya.

Bayan mako shida sabuwar takarda ta fito: mai shi ke ciki, da shago ɗaya. Kuɗin sun sauko, Yaya ya biya ya turo hoton rasit. Sunan Baba yana nan da kuskuren harafinsa, sai dai yanzu kalmar magada na gabansa, an datse wutsiyar sunan don gurbin ya cika. A wurin aiki mun ta da maganar zaɓin "wani abu dabam" a manhajar da muke ginawa yanzu. An saurara, an ce shawara ce mai kyau, an sa ta cikin jerin abubuwan da za a duba nan gaba. Tana nan.

Da muka je gida da babbar Salla, Kawu ya kira mu gefe bayan an gama fiɗa. Ya ce shafin nan da aka rubuta gidansa, ko akwai yadda za a yi ya samu nasa. Can garinsu babu mai takardar gida, kowa ya san na kowa ne kawai, kuma rabin waɗanda suka sani sun mutu ko sun watse. Hoton shafin na cikin wayarmu. Washegari muka je shagon buga takardu a bakin titin Sakkwato, aka fitar da shi mai launi don hatimin ya fito, aka rufe shi da leda. Ya riƙe shi nesa da ido, ya sa yatsa yana bin layukan da bai iya karantawa, ya ce mu nuna masa inda tsamiyar take.